Kafin a sayi katin hoto don tsohuwar kwamfuta, a fara buɗe murfinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu karatu, musamman masu gidajen gem da masu tace bidiyon biki da ɗaliban zanen gini, a kan sayen katin hoto, wato abin da ake kira girafik kad a kasuwa. Sana'armu gyaran kwamfuta ce, kuma yawancin asarar da ake tafkawa a wannan harka daga tambayar farko take somawa. Mutum zai shiga Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ya ce wa mai shago, "Giga nawa ne wannan?" Wato girman ma'ajiyar katin yake tambaya. A ce masa huɗu, ya biya, ya tafi yana murna. Alhali akwai kati mai giga 4 da bai kai rabin ƙarfin wani mai giga 2 ba, akwai kuma mai kyan gaske wanda ko akwatin kwamfutarsa ba zai shiga ba. Tsohuwar kwamfuta ita ke faɗin katin da za ta iya ɗauka. Abin da ya rage wa mai ita shi ne ya kwance murfi ya duba tun kafin ya taka kasuwa.

Akwai waɗanda wannan magana ba ta shafa ba, gara mu sallame su tun yanzu. Mai laftof, da mai kwamfutar da aka haɗe da sikirin wuri ɗaya, da mai 'yar mitsitsiyar nan da ba ta fi littafi girma ba, duk babu gurbin kati a cikin nasu. Haka kuma wanda aikinsa bai wuce Word da Excel da shiga intanet da CorelDRAW ba, ba kati ne matsalarsa ba. Ya cire tsohon hadis mai juyawa ya sa SSD, ya cika RAM ta kai giga 8 ko 16, kuma ya sa ta sanda biyu masu girma ɗaya maimakon sanda guda. Wannan kaɗai zai sa ya ji kamar sabuwa ya saya, a kuɗin da bai kai na kati ba.

Ga wanda kuwa da gaske kati yake bukata, abu na farko shi ne girman akwati. Kwamfutocin da suka cika kasuwanninmu tsofaffin na ofis ne 'yan tokumbo: Dell OptiPlex 7010 da 3020 da 9020 da 7040, da HP EliteDesk 800, da Lenovo ThinkCentre. Kowacce tana zuwa a doguwar akwati mai faɗi, ko a siririya wadda ake rubuta wa SFF. Ƙarfen bayan kati na yau da kullum tsayinsa santimita 12 ne, na siririyar akwati kuwa wajen santimita 8. Saboda haka mai SFF sai gajeren kati, wanda ake rubuta wa LP, kuma ya tabbata an haɗo masa da gajeren ƙarfen, domin katunan hannu da yawa sun rabu da nasu tun a hanya. Bayan tsayi akwai kauri. A OptiPlex SFF da yawa, gurbin da ya dace da katin hoto, mai launin shuɗi, yana manne da fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, ta yadda kati mai kaurin gurbi biyu ba zai zauna ba, ko ya zauna fankarsa ta toshe. Mai doguwar akwati shi ma ya ɗauki awo daga bayan akwati zuwa kejin hadis, ya tafi kasuwa da awon a rubuce.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne halaka kaya, shi ne wuta. Gurbin da ake danna kati a bod, wato babban allon kwamfuta, PCIe sunansa, kuma ba ya ba kati fiye da wat 75. Duk katin da cinsa ya wuce haka yana da rami a gefe ko a sama, mai fil 6 ko fil 8, inda ake jona masa waya kai tsaye daga fawa-fak. Mai fil 6 yana ƙara wat 75, mai fil 8 yana ƙara 150. Su kuwa kwamfutocin ofis ba a yi su da wannan waya ba sam, kuma fawa-fak ɗinsu ƙanana ne: OptiPlex 9020 doguwa wat 290, siririyarta 255, 7010 siririya 240, akwai ma 7040 siririya mai 180 kacal. Da wat 240 zuwa sama, kati mai cin 75 yana zama lafiya tare da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, samfurin i5. Da 180 kuwa, kada a wuce kati mai cin wat 50 ko kusa da haka.

A nan ne wani zai miƙo 'yar waya ya ce ai ga adafta, a jona ta a wayar SATA ta hadis ta koma fil 6. Muna roƙon masu karatu su guje ta. Kan SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka a layin bolt 12, kati kuma zai nemi 75 ko fiye ta nan. Farko kwamfuta za ta riƙa mutuwa a tsakiyar gem, daga baya robar ta narke, wani lokaci ta tafi da bod da hadis gaba ɗaya. Canja fawa-fak ma ba ko'ina yake yiwuwa kai tsaye ba. OptiPlex 7010 doguwa tana karɓar mai fil 24 na gama-gari, amma 9020 da 3020 nasu mai fil 8 ne na Dell, EliteDesk 800 G1 kuma mai fil 6 na HP, sai an nemo adaftar da aka yi musamman don wannan samfurin. Idan kuma za a sayi sabon fawa-fak, kada a kalli babbar lambar da ke jikin kwali. A karanta takardar da ke manne a gefensa, a nemi layin +12V, a ninka am ɗinsa sau 12. Wanda aka rubuta wa wat 500 amma layin nan am 18 ne, ƙarfinsa na gaskiya ga furosesa da kati wat 216 ne. Irinsu ko a hannu aka ɗaga za a ji su fayau, ba nauyi.

Na uku furosesa. Kati ba ya zana hoto sai furosesa ta miƙo masa aiki, don haka babban kati a kan raunanar furosesa zaman jira kawai zai yi. A irin waɗannan tsofaffin, lambar farko bayan i3 ko i5 ko i7 ita ke nuna zubi: i5-3470 zubi na uku ne, i5-4570 na huɗu, i5-6500 na shida. A ganinmu i5 ko i7 daga zubi na uku zuwa sama sun cancanci a kashe musu kuɗin kati. Core 2 Duo da Pentium da Celeron na wancan zamani a bar su su huta, domin gem da manhajojin yanzu da yawa suna neman wani tsarin umarni mai suna AVX wanda ba su da shi, wasu ma AVX2 suke nema, shi kuwa daga zubi na huɗu ya fara. Ko wane kati aka sa, gem ɗin ba zai buɗe ba.

To, sai katunan kansu. Mu fara da waɗanda suka fi yawa a kanta, GT 710 da GT 730. GT 710 da ƙyar yake kamo hoton da ke cikin furosesar zubi na huɗu, wanda mutum ya riga ya mallaka kyauta. Amfaninsa ɗaya, ƙara ramin jona sikirin na biyu. GT 730 kuwa suna ɗaya ne a kan katuna iri uku. Akwai mai ƙwayoyin aiki 96 na tsohon zubi, akwai mai 384 da ma'ajiyar DDR3, akwai mai 384 da ma'ajiyar GDDR5, wadda ta fi sauri. Abin haushin, wanda aka fi manna wa "4GB" da manyan baƙaƙe shi ne mai DDR3, sau da yawa ma mafi raunin cikinsu. Giga huɗu a kan irin wannan kati kamar randa ce babba mai bakin buta: ruwan yana ciki, fitarsa ce aiki. Nvidia ma ta daina fitar musu da sabon direba, wato manhajar da ke sa kati aiki, shekaru da suka wuce.

GT 1030 shi ne matakin farko da za a kira kati. Wat 30 yake ci, siriri ne, yana shiga kowace akwati, yana ɗaukar tsohon GTA V da tsofaffin gem ɗin ƙwallo, kuma yana buɗe bidiyon H.265 da wayoyin yanzu ke ɗauka ba tare da furosesa ta wahala ba. Amma shi ma iri biyu ne. Na asali, na 2017, GDDR5 gare shi mai gudun gigabait 48 a daƙiƙa. A 2018 aka fito da mai DDR4 da sunan bai canja ba, gudunsa wajen 17, kuma a gem kusan rabin ƙarfin na farko yake bayarwa. A duba kwali ko takardar bayan kati: in aka ga D4 ko DDR4, a ajiye. Masu tace bidiyo su sani cewa GT 1030 ba shi da sashen NVENC mai saurin fitar da bidiyo, saboda haka lokacin fitar da aiki ba zai ragu yadda suke zato ba.

GTX 750 Ti na 2014 ya yi zamaninsa, wat 60 da giga 2, amma ba ya cika sharaɗin DirectX 12 da sababbin gem ke nema, kuma H.265 na ba shi wuya. Sai in an same shi da arha ƙwarai.

Inda muke ganin kuɗi ya fi yin amfani ga yawancin mutane shi ne GTX 1050 Ti da GTX 1650. Dukansu giga 4, dukansu wat 75, dukansu akwai gajeru na SFF, kuma suna da NVENC, wanda manhajojin bidiyo irin su Premiere Pro da OBS ke amfani da shi. GTX 1050 Ti na 2016 shi ne mafi ƙanƙantar katin Nvidia da EA ta rubuta a sharaɗin FIFA 23 da FC 24, wato mai gidan gem ya san a bakin iyaka yake, sai ya rage ingancin hoto. GTX 1650 na 2019 ya fi shi ƙarfi a fili, kuma in bambancin kuɗinsu bai yi yawa ba shi za mu ce a ɗauka. Sai dai a juya shi a duba, domin wasu kamfanoni sun yi nasu 1650 ɗin da ramin fil 6. Gajerun nan biyu kuma yawanci kaurin gurbi biyu gare su, sai a koma ga maganar awo.

Wanda akwatinsa gurbi ɗaya kawai ta bari yana da hanya biyu. Ta farko RX 6400 na AMD, na 2022, mai cin wat 53. A sabuwar kwamfuta yana gogayya da 1650, amma yana da wani lahani da tsohuwar kwamfuta ke tonawa: layuka huɗu kacal yake amfani da su a cikin 16 na gurbin. A PCIe 4.0 layukan nan huɗu suna wuce da wajen gigabait 8 a daƙiƙa, a 3.0 su koma 4, a 2.0 su koma 2. Intel ba ta kawo 4.0 ba sai a zubi na 11. OptiPlex 3020 kuwa, saboda bod ɗinta H81 ce, a 2.0 take, don haka RX 6400 a cikinta zai riƙa sarƙewa da zarar gem ya cika giga huɗun. Ba shi kuma da sashen fitar da bidiyo ko kaɗan, bai dace da mai tacewa ba. Hanya ta biyu katunan ofis na Nvidia, irin su Quadro P620 mai wat 40 da P1000 mai wat 47 da giga 4. Sirara ne, suna da NVENC, sun dace da AutoCAD da Revit da tace bidiyo. Ramukansu ƙananan DisplayPort ne, sai an haɗa da adafta, a sa kuɗinta cikin lissafi.

Mai ɗan hali ya duba RTX 3050 mai giga 6, na 2024, wanda wat 70 yake ci ba tare da ƙarin waya ba. Kada a rikita shi da mai giga 8, wanda ke neman waya. Katunan Intel Arc, A310 da A380, suna da kyau a wajen bidiyo, amma sai da wani tsari mai suna Resizable BAR suke sakin jiki, Intel kuma daga zubi na 10 ta ce a yi amfani da su. A tsohuwar kwamfutar ofis ba su da wuri.

Sai RX 580 mai giga 8, wanda arharsa ke ruɗar mutane. Ƙarfi kam yana da shi, ya fi 1650. Amma wat 185 yake ci, yana neman waya mai fil 8 da fawa-fak nagari na wat 500 da doguwar akwati mai iska. Da yawa daga na kasuwa sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana, wasu an sauya musu BIOS, wato manhajar da ke dashe a jikin katin, ta yadda direban AMD zai ƙi su, Windows ta nuna Code 43. Waɗanda ake rubuta wa 2048SP kuma a ƙirga ƙwayoyin aiki daidai suke da RX 570. Na asali 2304 gare shi. Mai aiki da sola ya yi wannan lissafi: batir mai bolt 12 da am 100 yana riƙe da wat 1,200 na awa guda, rabinsa ake ci in ana so ya daɗe, wato 600. Kwamfuta mai i5 da kati mai wat 75 da sikirin tana jan wajen 180 a cikin gem, awa uku ke nan. Da RX 580 jan zai kai wajen 300, awa biyu ma sai an yi sa'a bayan abin da inbata ke ci. Ƙaramar UPS mai 650VA kuma ba ta wuce wat 360 zuwa 390, tana iya yin ƙara ta ɗauke daidai lokacin da ake bukatarta.

Jabu ya fi yawa a sunan GTX 1050 Ti da GTX 960. Abin da ake yi shi ne a ɗauko tsohon GTS 450 na 2010, a sauya masa BIOS ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba, a sa masa sabuwar riga. Windows za ta nuna sunan ƙaryar, hoto zai fito, sai gem ya nemi ma'ajiya fiye da wadda ke ciki da gaske sannan komai ya tsaya. Alamar farko a ido take: katunan zubin 1050 Ti ba su zo da shuɗin ramin VGA ba, duk wanda aka gani da shi a yi zarginsa. Ta biyu, a ba ka faifan CD a ce da direban ciki kaɗai yake aiki. Ta uku ita ce yankan shakka. A je kasuwa da filasha mai ɗauke da GPU-Z, manhaja ce ƙarama ta kyauta, a sa katin a kwamfutar shago a duba layin Shaders, wato yawan ƙwayoyin aiki. GTX 1050 Ti na gaske 768 ne, GTX 1650 kuma 896. Jabun 192 yake nunawa, sau da yawa manhajar da kanta za ta rubuta FAKE a gaban sunan. A nan ne kuma za a ga Memory Type, a bambance GDDR5 da DDR4. Daga nan a kunna manhajar gwajin kati, FurMark ko Unigine Heaven, na minti 15. Zafi tsakanin digiri 65 da 80 daidai ne. In ya haura 85, ko fanka tana gurnani, ko aka ga ɗige-ɗige da layuka masu launi a sikirin, a mayar masa da kayansa. A gwada kowane rami na baya ɗaya bayan ɗaya, a kuma nemi garantin ko da mako guda a rubuce a jikin rasit. Sayen katin hannu ta intanet ba gwaji cinikin biri a sama ne.

A tuna da sikirin. Tsofaffin monita da yawa VGA kaɗai gare su, katunan da muka yaba kuwa HDMI da DisplayPort da DVI-D suke da su. 'Yar adaftar DVI zuwa VGA ta da, wadda babu komai a cikinta sai waya, ba ta aiki a DVI-D, domin babu siginar da take nema a wurin. Sai kwanbata mai ɗan guntun lantarki a ciki, daga HDMI ko DisplayPort zuwa VGA.

Sawa ba wuya. In kwamfutar ta kafin 2012 ce, a fara sabunta BIOS daga shafin kamfaninta, domin wasu tsofaffin bod baƙin sikirin suke nunawa da sababbin katuna. Kuma kada a yi wannan sabuntawa a kan wutar da ba a amince da ita ba, in ta ɗauke a tsakiya bod ta tafi. In da wani kati a ciki, a goge direbansa da manhajar DDU. A kashe kwamfuta, a zare waya daga bango, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma, a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kati. A cire marfin ƙarfe na baya, a danna katin a dogon gurbin da ya dace da katin hoto, wanda a OptiPlex shi ne mai launin shuɗi, har maƙallin ƙarshe ya ce ƙas, a ɗaure. Sannan a mayar da wayar sikirin jikin katin. Mutane da yawa suna barinta a tsohon ramin bod, su dawo suna cewa kati ba ya aiki ko bai ƙara komai ba. Direba daga shafin Nvidia ko AMD kaɗai za a sauke shi, kuma ya haura megabait 500, a tanadi data.

Yanayinmu ma yana da nasa haƙƙi. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke like haƙoran ƙarfen sanyaya. Katin hannu da ya shekara biyar man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen ya bushe. A kwance noti huɗun baya, a goge da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. A busa ƙura da bulowa duk wata biyu ko uku, ana riƙe da fanka da yatsa don kada ta yi gudun da zai kashe ta. Kada a ajiye akwati a ƙasa ko a cikin rufaffen kabad, kuma mai janareta ya sa sitabilaiza ko UPS a tsakani.

Akwai kuma iyakar abin da ya kamata a zuba wa tsohuwar na'ura. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel take karɓa. Nvidia ma a watan Oktoban 2025 ta rufe sababbin direbobin gem na zubin 750 Ti da GT 1030 da 1050 Ti, saura gyaran tsaro kawai. GTX 1650 da RTX 3050 ba sa cikin waɗanda aka rufe wa. Saboda haka in kuɗin kati da fawa-fak da adaftoci ya doshi kuɗin wata tokumbo mai i5-8500, a sayi waccan tukuna, a ci gaba da aiki da hoton cikinta, kati ya biyo baya. In kuwa katin za a saya yanzu, a zaɓi 1650 ko 3050 mai giga 6, waɗanda za a iya zarewa a mayar cikin kwamfuta ta gaba.

Mun gode, Edita, da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu gyaran kwamfuta,
Kano.